Ciyawar da Malam Ya Ciro Daga Rijiya

Bana ma ruwa ya yi jinkiri. Hadari yakan haɗu a gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma cikin zufa. A irin wannan yinin ne jikata Hafsatu ta shigo ɗakina da wata 'yar tukunyar roba a hannu.

Ta ce, "Hajiya, dubi abin da na saya wurin masu fulawa a Kano. Ko daɗewa bai yi ba, ga shi yana ƙonewa. Me ke damunsa?"

Na karɓa na duba. Ganye ne ƙanana, sun fi na zogale laushi, a kan wasu siraran kara baƙaƙe masu sheƙi kamar gashin da aka shafa wa mai. Bakin ganyen ya fara ja yana nannaɗewa. Na ce ta ɗauke shi daga bakin taga ta kai shi inda rana ba ta bugu, kusa da ruwa, kada ta bar ƙasarsa ta bushe, kada kuma ta cika masa ruwa ya yi caɓa. Ta tsaya tana mamakin inda na san wannan. Ban taɓa ba jikokina labarin ba, don ni kaina ba na son tunawa.

Lokacin ina amarya, ko shekara ban cika a ɗakina ba. Ba a daɗe da barin fam da sule aka koma naira ba, kuma ko'ina zancen kuɗin mai ake yi. A Wudil, garinmu, manyan motoci na wucewa ta kan gada ɗauke da siminti da rodi, samari na ta barin gona suna tafiya birni leburanci. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, malamin gona ne. Gwamnati ta ba shi babur, ta tura shi wani ƙauye a ƙasar Ɗankaza. Aka ba mu sashe a gidan wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma duk suna birni. Ita ce ta zame mini uwa a wurin.

Rijiya ɗaya ce a ƙauyen, tsohuwa mai zurfi, a gindin wata tsamiya. Babu wanda ya san wanda ya haƙa ta. Damina ta ƙare a shekarar tun gero bai gama cika ido ba, sai mai unguwa ya ce a yashe rijiyar da wuri. Mai yasar shi ne Audu, wani ƙaƙƙarfan mutum marar yawan magana, wanda ya gaji aikin a wurin ubansa. Malam, wato maigidana, ya je kallo. Da ya leƙa, sai ya hango wani abu kore shar a jikin bangon rijiyar, can ƙasa inda inuwa take. Ya roƙi Audu ya ciro masa. Audu ya ƙi, ya ce ubansa bai taɓa taɓa shi ba. Malam ya yi dariya, ya tuɓe rigarsa, ya sa aka zura shi da igiya, ya ɓamɓaro abin gaba ɗaya da ƙasarsa.

Ya shigo gida da shi a tafin hannu yana murna kamar yaro. Ya ce ya san shi tun yana makarantar koyon aikin gona a Zariya, a can a ɗaki na musamman ake renonsa, bai taɓa zaton zai gan shi a ƙasarmu ba. Iya Tabawa na tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago kai ta gani, sai rariyar ta tsaya a hannunta.

"Malam, me ka ɗauko mana?"

"Ciyawa ce, Iya. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya, kyau kawai gare ta."

"Wannan ai gashin mai rijiya ne. Tun muna yara ake hana mu ko nuna shi da yatsa."

Malam ya so ya kwantar mata da hankali, sai ya ƙara ɓata zancen. Ya ce ai ko Turawa sun san ciyawar, a bakinsu sunanta gashin budurwa. Iya ta dafa ƙirji ta ce, "Ka ji ko? Har su sun san na mace ne." Kafin magariba maganar ta gama ƙauyen.

Malam ya dasa shi a wani kasko ya ajiye a tsakar gida, ya ce ni zan riƙa kula da shi in ya fita. Tun daga ranar abin bai taɓa ba mu kwanciyar hankali ba. Rana ta buge shi yini guda, ganyen ya ƙone kamar an kara masa wuta. Muka kai shi ƙuryar ɗaki, ya yi fari fat, karan ya miƙe ya langaɓe. Na ga kamar ƙishirwa ce, na yi ta zuba masa ruwa safe da yamma, sai ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ƙasar ta fara wani wari. Malam ya juye kaskon ya ga saiwar ta fara ruɓewa. Ya huda gindin kaskon da ƙusa, ya canja ƙasar, ya haɗa ruɓaɓɓen ganye da yashi da ɓarɓashin tsohon bango. Ganyen ya ɗan farfaɗo. Sai kuma Malam ya sa masa ɗan takin zamani, abin da bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba, washegari rabin ganyen ya mutu. Ya zauna a gabansa ya yi tagumi ya ce, "Rabi, wannan ya fi jariri wuyar sha'ani." Lokacin ina da ƙaramin ciki, muka yi dariya. Ina jin ita ce dariyar ƙarshe da muka yi a kansa.

Rani ya shigo da yunwa. Abin da mutane suka girba bai kai su ko'ina ba. Rumbuna suka yi ta buɗewa tun ba a je ko'ina ba, aka koma dama kunu tsararo, ana haɗawa da tafasa da busasshiyar rama. Sautin daka ya ragu a ƙauyen. Da can tun asuba turame ke amsa wa juna, amma a ranin nan sai ka ji gida ɗaya ko biyu, sauran shiru. Fulani suka yi ta wucewa da shanu zuwa kudu, shanun da kana iya ganin kowane haƙarƙari a jikinsu. Mu da ke da albashi ba mu kwana da yunwa ba, amma ko mu sai da muka koma cin tuwo sau ɗaya, don Malam ba ya iya ganin yaran maƙwabta a zaure ya hana su.

Sai ruwan rijiya ya fara ja da baya. Aka ƙara wa igiyoyi tsawo, aka sake ƙarawa. Ruwan ya koma ja, daga baya ya koma kamar kunun kanwa, sai an ajiye shi ya kwanta kafin a sha. Rijiyoyin ƙauyukan da ke kusa ma haka suke, kowa ya sani. Amma tamu, in ji tsofaffi, ko a yunwar da aka yi zamanin iyayensu ba ta taɓa gazawa ba. Me ya canja bana?

Mai kawo mana ruwa a garwa ne ya fara daina zuwa. Matan da ke shigowa hira da sayen gishiri wurin Iya suka ɗauke ƙafa. Wata rana ina shara a bayan ƙofa na ji Ladi, matar Audu, tana magana da Iya a zaure, ba ta ma rage murya ba.

"Iya, ki gaya wa baƙinki. Sun aske wa baiwar Allah kai, ta yi fushi ta janye ruwanta. In 'ya'yanmu suka mutu da ƙishirwa, a wuyansu."

Na tsaya da tsintsiya a hannu, na ji ɗan cikina ya motsa. Ni 'yar gari ce, na yi makarantar allo har na sauke, na san babu mai ba da ruwa sai Allah. Amma da na juya na dubi kaskon nan a gindin bango, da baƙin karansa yana kaɗawa ba tare da na ji wata iska ba, sai tsigar jikina ta tashi.

Mai unguwa ya kira Malam zaurensa. Da ya dawo bai iya cin abinci ba. Ya ce dattawa sun taru, an ce rijiya tana bukatar a ƙara mata zurfi, amma Audu ya rantse ba zai shiga ba sai an mayar da abin da aka ɗauko, kuma a mayar da shi ɗanye kore kamar yadda aka ciro shi. Liman ya tashi ya ce wannan camfi ne, a ji tsoron Allah, a fita roƙon ruwa. Aka ce za a fita, amma dai a mayar.

Na ce, "To ka mayar mana, Malam. Gobe ma."

Ya ce, "Dubi yadda yake. In na kai musu wannan za su ce na kashe shi. Sai ya farfaɗo."

"In ya mutu fa?"

Ya ce dai mai unguwa ya ce ba zai iya riƙe mutane ba in abin ya kai can.

A cikin wannan hali aka kira duk malaman gona su je aikin rabon hatsin agaji. Malam yakan tafi ya yi kwanaki, ya dawo da yamma a gajiye, ya ɗaura garwa biyu a bayan babur ya nufi kogi. Kogin ma ya zama yashi, sai an tona rami a tsakiyarsa a jira ruwa ya tsattsafo. Abin da ya kawo shi za mu sha, mu yi girki, mu yi alwala har ya sake dawowa. Daga ciki kuma sai na cire wa kasko nasa.

Bazara ta kama sosai. Ban sake ganin zafi irin na shekarar ba. Da hantsi ƙasar tsakar gida ba ta takuwa. Bango yana huci har bayan magariba. Kaji na buɗe baki a gindin rumbu, wasu a nan suke mutuwa. Ƙuraje suka feso mini a wuya da baya, ƙafafuna suka kumbura. Da na farka da asuba, kafin in yi salla, kaskon nake fara dubawa. In na ga ganye ɗaya ya bushe, yinin nan ba ni da sukuni.

Kuma kullum da sabuwar matsala. Na taɓa tausayin ruwan sha na zuba masa na wanke-wanke, ashe da sauran toka da sabulu a ciki, bakin ganyen ya ƙone. Na matsar da shi kusa da madafa don in riƙa ganinsa, hayaƙi ya dame shi. Wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga suka maƙale a gindin karan, na zauna da tsinke ina cire su ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na juya ganyen na ga wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a bayansa, na fashe da kuka na ce shi ke nan cuta ta kama shi. Sai da Malam ya dawo ya ce wannan ba cuta ba ce, irinsa ne, ta nan yake yaɗuwa. Abin da ya fi cinsa dai shi ne busasshiyar iska. Ko ƙasar na da laima, in iskar rana ta ratsa shi, sai ganyen ya yi ƙaƙas kamar an soya.

Iya Tabawa tana tsoron abin, ba ta ko bi ta kusa da shi sai da bisimilla. Amma na sha ganinta tana alwala da rabin buta, ta miƙo mini sauran ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Ungo, ki ba ta. Ki ce mata ba da gangan aka yi ba."

Ranar da abin ya kai ƙarshe, Malam ba ya nan. Azahar ce, zafi ya kwantar da ni a kan tabarma, barci ya ɗauke ni. Ƙarar faɗuwar wani abu ce ta tashe ni. Akuyar Iya, wadda yunwa ta sa har tsumma take ci, ta tsinke igiya ta tura asabari ta shiga. Na tarar da kaskon a kife, tana taunar ganyen ƙarshe. Babu ganye ko ɗaya. Sai guntayen baƙin kara a tsaye kamar kan da aka yi wa aski da wuƙa marar kaifi.

Na durƙusa ina tattara ƙasar da hannu ina mayarwa. Iya ta shigo ta gani, ta zauna daɓas a bakin ƙofa tana salati.

"Iya, yaya zan yi?"

"Kada kowa ya ji, 'yar nan. In Ladi ta ji, kafin la'asar an cika ƙofar gidan nan. Ɓoye shi."

Na rasa inda zan kai shi. A ƙuryar rumfa akwai randarmu a kan wasu duwatsu, da ɗan sarari a ƙarƙashinta. Na yanke ragowar karan da reza don kada su leƙo, na tura kaskon can ciki, na jingina faifai a gabansa.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Duk sallamar da aka yi a zaure sai gabana ya faɗi. Yara sun jefo dutse kan rufinmu sau ɗaya, na shige bayan ƙofa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Aka fita roƙon ruwa, maza da yara da dabbobi, ina jin muryoyinsu daga nesa. Hadari ya haɗu a ranar, ya yi ruri, ya watse. Guga ya fara fitowa da taɓo zalla. Wasu gidaje suka ɗaure kaya suka bar ƙauyen. Da Malam ya dawo na gaya masa abin da akuya ta yi, ya ce in shirya kayana, zai kai ni Wudil wurin iyayena tun kafin lokacin da aka sa na zuwa haihuwa. Na ce in na tafi shi fa? Ya ce shi ba zai gudu ya bar mutane da rijiya a bushe ba.

Da safe na je ɗauko kaskon don ya gani da idonsa. Na janye faifan na zura hannu, sai na ji wurin da sanyi. Randa tana tsattsafo da ruwa ta gindi, ɗigo kaɗan-kaɗan, ƙasar wurin kullum a jiƙe, rana ba ta kai can sai ɗan haske, iska kuma ba ta ratsawa. Na jawo kaskon. A tsakanin guntayen karan wasu 'yan abubuwa kore sun ɓullo, kowanne a nannaɗe kamar jelar hawainiya.

Na ƙwala wa Malam kira. Ya zo ya durƙusa, ya ce, "Ikon Allah. Ashe rijiyarsa yake nema. Mayar da shi inda yake, kada ki ƙara taɓa shi."

Na fasa tafiya Wudil. Muka bar shi a ƙarƙashin randa, ya yi ta warware ganye har ya rufe bakin kaskon. Bai kai yadda aka ciro shi ba, amma kore ne shar. Malam ya ɗauka ya kai zauren mai unguwa. Audu ya duba ya ce ya gani, amma wanda ya ciro shi ne zai mayar, kuma shi ba zai sa ƙafa ba sai ya ga yadda mai rijiya ta karɓi Malam. Malam ya ce ya yarda, zai mayar, kuma zai fara haƙar da hannunsa.

Na roƙe shi har da kuka. Na ce wancan karon rabin rijiya kawai ya sauka, yanzu har ƙasa ne, kuma shi ba aikinsa ba ne. Ya ce, "Rabi, ni na jawo. In ban shiga ba babu mai shiga."

Ban taɓa fita cikin taron maza ba tun da aka kawo ni ƙauyen, amma ranar na yafa mayafi na bi bayan Iya. An so a fara da sassafe, sai jiran dattawa ya kai mu hantsi, rana ta riga ta yi zafi. Duk wanda ya rage a ƙauyen yana wurin. Malam ya sa aka zura fitila mai ci har ƙasa, harshen wutar ya ƙanƙance amma bai mutu ba. Aka ɗaure rassan darbejiya a igiya aka yi ta sama da ƙasa da su don iska ta shiga. Liman ya yi addu'a. Malam ya ɗaura igiya a ƙugu, ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya fara sauka. Audu yana can gindin tsamiya a tsaye, ya harɗe hannu, Ladi a bayansa.

Aka zura masa kaskon a cikin kwando, sannan dagi da guga. Can muka ji muryarsa kamar daga wata duniya, yana cewa ya dasa, ya samu wata tsaga mai laima kusa da ƙasa. Mutane suka yi ajiyar zuciya. Sai ƙarar dagi ta fara. Guga ya fito da laka, aka juye, aka mayar. Ya sake fitowa. Ashe ya kwance igiyar ƙugunsa don tana hana shi sunkuyawa, babu wanda ya sani.

Gugan ya koma, aka jira. Ƙarar dagin ta yi rauni, ta tsaya. Mai riƙe da igiya ya ce, "Malam, a ja?" Shiru. Ya sake kira da ƙarfi. Shiru. Aka ja igiyar ƙugun, ta taho sakayau babu nauyi.

Wata mata ta ce, "Ta riƙe shi!" Mutane suka ja da baya daga bakin rijiyar kamar an watsa musu wuta. Ni kuma na yi gaba. Iya ta riƙe ni ta baya, na fizge, na kai bakin na leƙa. Duhu ne, sai can ƙasa wani ɗan fari, farar singiletinsa, ba ta motsi. Na juya na dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kawar da kai. Ban san lokacin da na isa gindin tsamiya ba. Na zube a gaban Audu da cikina, ban iya cewa komai ba sai "Don Allah. Don Annabi."

Ladi ta riƙe masa hannu tana cewa, "Kada ka je, Audu, 'ya'yanka!" Na ga gumi na zuba a fuskarsa. Tsoron da nake ji shi ma shi yake ji. Ya dube ni, ya dubi rijiyar. Sai ya zame hannunsa, ya tuɓe riga, ya ce wa samarin, "Ku kama igiya biyu. In na girgiza, ku ja, kada ku tsaya tambaya."

Ya yi bisimilla ya faɗa ciki, yana sauka da sauri irin na wanda ya san kowane dutse. Wurin ya yi tsit, har kukan kurciya a kan tsamiya ina ji. Liman na ta jan carbi a fili. Ni dai idona na kan igiyar. Ta yi motsi, ta tsaya, ta sake tsayawa har na ce shi ma ya tafi. Sai ta girgiza da ƙarfi.

Aka ja. Malam ya fito a naɗe, kansa na reto, jikinsa duk laka, leɓensa ya yi baƙi. Aka shimfiɗa shi a inuwa, aka ja ta biyu, Audu ya fito yana haki ya kife a ƙasa. Ana ta yi wa Malam fifita da riguna da faifai. Iya ta kwance 'yar gorar da ta zo da ita ta watsa masa a fuska. Babu motsi. Na riƙe ƙafarsa, tana da sanyi a cikin wannan zafin. Sai ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi wani irin tari, ya amayar da abin da ke cikinsa, ya buɗe ido.

Mai unguwa ya matsa kusa da Audu ya ce a hankali, "Me ka gani a ciki?"

Audu ya goge fuska ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ga kowa ba. Babu iska a ƙasan nan, shi ya kayar da shi. Ni ma saura kaɗan."

Liman ya ce, "To, kun dai ji da kunnenku. Babu iska." Wasu suka yi dariya, irin wadda ake yi bayan an sha kuka.

Audu ya ƙara da cewa inda Malam ya tsaya da haƙa, yashin ya jiƙe sharkaf. Washegari tun kafin rana ta fito ya shiga da kansa. Yakan yi ɗan lokaci ya fito ya sha iska, samari na ta kaɗa rassa, mata na kwashe laka. Haka suka yi ta yi har ruwa ya ɓullo. Malam yana kwance a gida lokacin, kansa na sarawa, kuma tun daga ranar ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba har ya bar duniya. Ciyawar kuwa, an ce bayan damina ta rufe tsagar ta bazu. Wasu suka ce mai rijiya ta huce, wasu suka ce Audu ya kai ga jijiyar ruwa. Ni ban sake leƙa rijiyar nan ba har aka canja mana wurin aiki.

Firgitar ranar ba ta sake ni ba, a daren da ruwan ya ɓullo ta taso mini da naƙuda tun lokaci bai yi ba. Babu halin kai ni Wudil, a ɗakin Iya na haihu, 'yar mace ƙarama kamar ɗan tsako, amma da kukanta. Iya ta yanke cibi, ta leƙa randa. Abin da ke ciki ko jaririyar ba zai wanke ba, balle wankan jego, ga Malam ba ya iya hawa babur.

Da gari ya waye ina kwance na ji motsi a tsakar gida, da ƙarar zuba ruwa a babbar tukunya. Na ɗaga asabari. Mata ne a jere tun daga zaure, kowace da tulu a ka, kowace ta juye ta koma. Wata ta kawo itace, wata ganyen darbejiya. Ladi ce a gaba, tana hura wuta, hayaƙi na shiga idonta. Ta ɗago ta gan ni. Ba ta gaishe ni ba, ba ta kuma yi zancen abin da ya wuce ba.

Ta ce, "Fito, maijego, tun bai huce ba. Kada ki yi tsimi, akwai ruwa."